Louis Harold Gray (1905-1965): Masanin da Ya Samar wa Gashin Ciwon Daji Mudu

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwannin Gwarzo ko Kabo ya san ciniki ba ya faɗawa sai an yarda da mudun da za a yi awo da shi. Idan ciwon daji ya kama mutumin waɗannan garuruwa, aka tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika domin a yi masa gashi, can ma awo zai tarar, sai dai abin da ake auna masa ba ya ganuwa. Sunan mudun wannan awo gray, kuma sunan wani Baturen Ingila ne. Tarihinsa za a kawo a wannan babi.

Ya kamata ɗalibi ya lura da kalmar gashi. Daga aikatau gasa ta fito, da gajeren wasali a gaɓar farko, saɓanin gashin kai mai dogon wasali. Hausawa sun ara wa wannan magani kalmar, amma ta ɗan ɓad da ma'ana, domin ba zafi ke kashe ciwon ba. Wani haske ne mai ratsa jiki, wanda ke lalata ƙwayoyin halitta ba tare da majiyyaci ya ji komai a lokacin ba. Gray 5 na wannan haske, idan ya game jiki duka, yana iya kisa, alhali ɗumin da yake ƙara wa jikin bai wuce kusan kashi ɗaya cikin dubu na digiri ɗaya ba.

Tasowarsa da Karatunsa

An haifi Louis Harold Gray a Landan ranar 10 ga Nuwamba, 1905. Shi kaɗai iyayensa suka haifa, kuma ba masu hali ba ne. Hazaƙarsa ta sa ya sami gurbin karatu kyauta a makarantar kwana ta Christ's Hospital, daga nan ya wuce Kwalejin Trinity ta Jami'ar Kambirij a 1924. Bayan digirin farko ya shiga ɗakin bincike na Cavendish, zamanin da Ernest Rutherford ke shugabantarsa, ya yi aiki a ƙarƙashin James Chadwick, wanda ya gano ƙwayar niyutiron a 1932. Matar da ya aura makauniya ce da ta yi karatu a wannan jami'a. Shi kuwa mutum ne mai riƙo da addininsa na Kirista, mai ƙin yaƙi.

Matsalar Awo

Tun da Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a 1895 likitoci suka fara haska shi a kan ciwon daji, amma ba su da ma'auni tsayayye. Wasu sukan yi ta haskawa har fatar majiyyaci ta yi ja, su ɗauki jan a matsayin awo. Wasu sukan ajiye wata 'yar ƙwaya mai sauya launi su riƙa dubawa. A 1928 aka amince da ma'aunin da aka sa wa sunan Röntgen, sai dai shi ma abin da hasken ke yi wa iska yake aunawa, alhali likita yana son sanin abin da tsoka da ƙashi suka sha.

A nan ne gudummawar Gray ta farko ta shigo. William Henry Bragg ya taɓo tunanin tun 1912, Gray kuma ya zo ya kafa shi da hujjar lissafi a 1929 da 1936, shi ya sa ake kiran ƙa'idar da sunayensu su biyu. Bayaninta shi ne: a sami ɗan ƙaramin kurtu mai iska a ciki, a nutsa shi cikin abin da ake haskawa, misali ruwa, wanda ke shan haske kusan yadda tsoka ke sha. Hasken zai fizgo ƙwayoyin ilektiron daga ruwan, su ratsa kurtun, su raba iskar cikinsa zuwa caji iri biyu, wanda ake tattarawa da lantarki a ƙirga. Matuƙar kurtun ƙarami ne ƙwarai, yadda bai sauya tafiyar ƙwayoyin ba, to daga wannan caji ana iya lissafa ƙarfin da ruwan da ke kewaye ya sha. Har yau a kan wannan ƙa'ida ake gwada injinan gashi kafin a kwantar da majiyyaci a ƙarƙashinsu.

Komawarsa Asibiti

A 1933 Gray ya bar Kambirij ya kama aiki a Asibitin Mount Vernon da ke Northwood, a gefen Landan. A ganin mai wannan rubutu, wannan shi ne mataki mafi girma a rayuwarsa, domin ya baro cibiyar da duniya ke kallo a fagen ƙwayar zarra ya koma inda ake jinyar masu ciwon daji. A can shi da John Read suka harhaɗa injin samar da niyutiron da kuɗi kaɗan, suka riƙa haska jijiyoyin wake suna auna yadda girmansu ke raguwa. Sun gano cewa haske iri biyu na iya zuba ƙarfi daidai wa daida, amma ɓarnar ɗaya ta ninka ta ɗayan. A 1940 suka kawo shawarar a riƙa awo da yawan ƙarfin da jiki ya sha, kowane irin haske ne.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya koma Asibitin Hammersmith. Saɓani da shugabancin sashen a kan alƙiblar bincike ya sa ya bar wurin a 1953, aka kafa masa sabon ɗakin bincike a Mount Vernon. A wannan shekara shi da abokan aikinsa suka nuna muhimmancin iskar oksijin ga gashi: ƙwayar halittar da ba ta samun iskar tana buƙatar kusan ninki uku na haske kafin ta mutu. A 1955 kuma, tare da R. H. Thomlinson, suka duba yankakkun ƙulluttan ciwon dajin huhu, suka ga cewa ƙwayoyin da suka yi nisan kusan kashi ɗaya cikin biyar na milimita daga inda jini ke isa matattu ne. Suka fahimci cewa dab da matattun akwai wasu masu rai da ke cikin ƙarancin iska, waɗanda kan tsira daga gashi su sake tayar da ciwon.

An zaɓe shi cikin Ƙungiyar Masana Kimiyya ta Masarautar Ingila a 1961. Ya gamu da shanyewar jiki a 1963, ya ɗan farfaɗo ya koma aiki, sannan ya rasu ranar 9 ga Yuli, 1965, bai cika shekara 60 ba.

Mudun da Abin da Ya Biyo Baya

A 1975 babban taron ma'aunai na duniya ya sa wa ma'aunin sunansa. Gray ɗaya shi ne jul ɗaya na ƙarfi a kowane kilogiram na jiki. Idan ana nufin ma'aunin, da ƙaramin baƙi ake fara rubuta kalmar, a taƙaice kuma Gy. A al'adar gashi, akan ba majiyyaci kimanin gray 2 a rana, kwana biyar a mako, har jimilla ta kai 60 ko 70 ga wasu cututtukan. Kuskuren da ake lamunta bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba. In an rage, ciwo ya dawo; in an zarce, lafiyayyar tsoka ta lalace. Domin haka ne Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya, wadda ta fara aiki a 2001, ke da ɗakin daidaita ma'aunai a Ibadan.

Sai dai kurtun Gray yana da iyaka. A 2014 masu bincike a Cibiyar Curie ta Faransa suka nuna, a jikin ɓeraye, cewa idan aka zuba ilektiron da gudun da ya kai gray 40 a daƙiƙa ɗaya, ciwon na mutuwa kamar kullum, amma lafiyayyen huhu ya fi tsira. Injinan yau da kullum 'yan gray kaɗan suke bayarwa a minti guda. A 2018 aka gwada hanyar, mai suna FLASH, a kan majiyyaci na farko a Lozan ta Siwizalan: gray 15 cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Hanyar tana matakin gwaji, kuma awo na cikin abubuwan da ke riƙe ta. A irin wannan gudu caji kan cunkushe a kurtun, iri biyun su sake haɗewa tun kafin a tattara su, ma'auni ya nuna ƙasa da abin da aka zuba. Wanda ya gaskata shi zai ƙara wa majiyyaci haske fiye da kima.

Abin sha'awa, abokin aikin Gray, J. W. Boag, shi ya tsara lissafin gyara wannan tawaya tun 1950, kuma a ɗakin binciken Gray ne shi da D. L. Dewey suka nuna a 1959 cewa haske mai tsananin gudu yana cinye oksijin da ke cikin ƙwayoyin cuta. Lissafin Boag ya wadatar ga injinan da aka saba, amma ya gaza a sabon gudun. Masana na gwada kurtu mai siririn tsakani, da lu'ulu'u, da fim mai sauya launi, da kuma dunƙulen gawayin fensir wanda ake auna ɗan ɗumin da haske ya bari a cikinsa.