Leo Fender: Mai gyaran rediyon da ya koya wa makaɗa zama lafiya da zafin wuta

A shekarun 1960 da 1970, lokacin da gidajen rawa na Treichville ke cika da masu sauraron irin su Amédée Pierre da Ernesto Djédjé, amfilifaya mai fitila ce ke ɗaga sautin jita a yawancin makaɗan duniya. Fitilun nan na gilashi, da wasu ke kira bawul, suna aiki ne da zafi, kuma zafin ne ke cinye su. Cikin waɗanda suka fi barin tasiri a yadda ake jera kayan cikin wannan na'ura akwai Ba'amurke Leo Fender, wanda bai iya kaɗa jita ba.

An haifi Clarence Leonidas Fender ranar 10 ga Agusta 1909 a jihar Kalifoniya, iyayensa manoman lemo ne. Yana ɗan shekara takwas ya rasa idonsa na hagu. Aikin akanta ya karanta, harkar lantarki kuwa da kansa ya koye ta. Da ya rasa aikin akanta, sai ya buɗe shagon gyaran rediyo a garin Fullerton a 1938. A nan makaɗa suka riƙa kawo masa na'urorinsu da suka ƙone, yana buɗewa yana ganin inda kowace ta gaza. A 1946 ya kafa kamfani mai sunansa. Daga nan jitar Telecaster ta fito, sai amfilifayar Bassman a 1952, Stratocaster a 1954, da Twin Reverb a 1963.

Abokan cinikinsa na farko makaɗa ne masu yawo gari-gari, ba su da halin jiran gyara na mako guda. Saboda haka ya yi ƙira da idon mai gyara. Ya jera ƙananan kayan a kan allo guda, kowane a fili, yadda za a narka dalma a cire ɗaya ba tare da an taɓa na kusa da shi ba. Taransifomar wuta tana can gefe guda, ƙananan fitilun da ke karɓar raunannen sautin jita suna ɗaya gefen, domin idan suka kusanci juna sai gunji ya shiga lasifika. Wayoyin da ke ɗumama fitilu kuwa ana murɗa su biyu-biyu saboda dalili ɗaya.

Batun zafi ya fi wuya. Gilashin babbar fitila irin 6L6 kan kai kusan digiri 200 idan ana aiki, kuma Twin Reverb na ɗauke da huɗu. Kwandansa mai ruwa a ciki ita ce ta fi jin jiki: ƙa'idar da masu sana'ar suka sani ita ce, duk ƙarin digiri 10 kan rage rabin rayuwarta. A na'urorinsa na shekarun 1960, Fender ya fitar da manyan kwandansoshi daga cikin akwatin ƙarfen, ya ba su murfi nasu daban, kuma ya bar bayan akwatin katakon a buɗe don iska ta ratsa.

Sai dai tsarin bai rasa aibi ba. Don maɓallan su kasance a sama, kusa da hannun makaɗi, fitilun na rataye ne kai ƙasa. Zafi kuwa sama yake tashi, sai ya bi gindin fitila ya shiga akwatin ƙarfen, a hankali ya gasa ƙananan kayan da ke manne a wurin. A 1962 Jim Marshall na Landan ya kwaikwayi tsarin Bassman, amma nasa fitilun a tsaye suke, cikin akwati daban da na lasifika.

A Janairun 1965 Fender ya sayar da kamfanin ga CBS kan dala miliyan 13, yana zaton rashin lafiya ta ci ƙarfinsa. Da ya warke sai ya koma sana'a, ya yi aiki da Music Man, sannan ya kafa G&L tare da tsohon abokin aikinsa George Fullerton. Ya rasu ranar 21 ga Maris 1991 bayan fama da cutar Parkinson.

Ga masu gyara a rumfunan lantarki na Adjamé, inda 'yan Nijar da Najeriya ke cikin masu hada-hada, darasinsa na nan da amfani. Laimar bakin teku na shiga allon da ya yi amfani da shi har wuta ta riƙa zurara ta cikinsa. Na'urar da aka ƙera don wutar Amurka mai bolt 120 za ta ƙone a wutar Abijan mai 220 idan ba a sa taransifoma ba. Jingina bayanta da bango kan toshe mata iska. Kwandansa kuma kan riƙe sama da bolt 400 ko bayan an cire filogi, abin da zai iya kashe mutum. Duk da haka, na'urar da Fender ya ƙera shekara 60 da suka wuce har yau ana iya buɗe ta a canza abin da ya ƙone, ta koma bakin aiki.