Likita Mantell, Wanda Ya Gane Dabba Da Haƙorinta

Yau za mu ba da labarin Likita Gideon Mantell, mutumin Ingila. An haife shi cikin 1790 a garin Lewes, ubansa baduku ne mai ɗinkin takalma. Ya koyi aikin likita, amma ba abin da ya ke so kamar tara ƙasusuwan da suka daɗe a ƙasa har suka zama dutse. Ya kan biya masu fasa dutse na wajen Cuckfield su kawo masa abin da suka tono.

Wajen 1822 waɗansu haƙora suka zo hannunsa, gefensu da tsaga-tsaga kamar bakin zarto, kan waɗansu ya cinye don tauna. Da ganin haka ya san mai su ganye ya ke ci, ya kuma zaci wani ƙaton ƙadangare ne. Cikin 1823 aka kai ɗaya Faris wurin Cuvier, babban masanin ƙasusuwa na zamanin, shi kuwa ya ce haƙorin karkanda ne. Wani da ya ji haka sai ya haƙura, amma Mantell ya ci gaba da gwada haƙoran da na dabbobi iri iri. Cikin 1824, a Landan, aka nuna masa iguwana, watau wani ƙadangaren ƙasashen Amurka mai cin ganye. Sai ga haƙoransa tamkar waɗancan, illa dai waɗancan sun fi su girma nesa. Cuvier ma ya janye maganarsa. Cikin 1825 Mantell ya sa wa dabbar suna Iguanodon, watau haƙorin iguwana. Tana cikin manyan dabbobin nan da suka ƙare, waɗanda aka sa wa suna dainoso cikin 1842. An tono wata 'yar'uwarta a Gadufawa, cikin hamadar Nijar, aka raɗa mata suna Ouranosaurus cikin 1976.

Wannan aiki bai kawo wa Mantell arziki ba. Aikin likitansa ya lalace, tilas ya sayar wa gidan tarihi na Landan dukan abin da ya tara, a kan fam 4,000. Matarsa ta rabu da shi, cikin 1841 kuma haɗarin keken doki ya ɓata masa ƙashin baya. Ya rasu cikin 1852.

Muna fata malamai za su nuna wa almajiransu halin wannan mutum. Ya girmama manya, amma bai bar maganarsu ta hana shi dubawa da idonsa ba.