Likita Baikie da Kwinin a Kogin Kwara

An haifi William Balfour Baikie a garin Kirkwall na ƙasar Sukotlan a shekarar 1825. Ya karanci likitanci a Edinbara, sannan ya shiga rundunar sojan ruwan Birtaniya.

A 1854 aka naɗa shi likitan jirgin Pleiad, sai rasuwar jagoran tafiyar, John Beecroft, ta mayar da ragama hannunsa. Kafin nan zazzaɓin cizon sauro ya sha yi wa ayarin Turawa ɓarna a Kwara, musamman na 1841. Baikie ya wajabta wa mutanensa shan kwinin, wanda ake samu daga ɓawon itacen sinkona, kullum, tun ciwo bai kama su ba. Suka ratsa Kwara da Binuwai, suka komo ba a rasa ko mutum guda ba. Ƙwayar cutar kuwa bai san ta ba, domin sai a 1880 Laveran ya gano ta. Abin takaici, nasarar nan tana cikin abubuwan da suka share wa mulkin mallaka hanya.

Daga baya ya zauna a Lakwaja, ya ziyarci Kano a 1862, ya kuma fassara Zabura zuwa Hausa. Ya rasu a Saliyo a 1864.