Dobereiner: Ɗan Mai Tuƙa Keken Doki da Ƙarfen Filatinam

A wannan makon na kawo muku tarihin wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Jamus mai suna Johann Dobereiner. An haife shi a shekarar 1780 a yankin Hof. Mahaifinsa talaka ne, sana'arsa tuƙa keken doki, don haka bai samu halin yin karatun boko mai zurfi ba. Yana ɗan shekara goma sha huɗu aka kai shi wurin wani mai haɗa magunguna don ya koyi sana'a. A nan ya fara son ilimin sinadarai, yana karanta duk littafin da ya shigo hannunsa. Da ya girma ya gwada kasuwanci, amma bai ci riba ba.

Rubuce-rubucen da yake yi a kan sinadarai ne suka fito da shi. A shekarar 1810 sarkin yankin Weimar, Karl August, ya sa aka ɗauke shi malami a jami'ar Jena. A can ya ƙulla abota da Goethe, shahararren marubucin Jamus, kuma a garin ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Babban abin da ya gano ya faru ne a shekarar 1823. Akwai wani ƙarfe fari mai tsada ƙwarai da ake kira filatinam. Dobereiner ya sarrafa shi ya zama kamar soso, mai ƙananan ramuka. Da ya hura masa iskar haidirojin, sai ƙarfen ya yi ja wur, iskar kuma ta kama da wuta, alhali babu wanda ya kawo garwashi kusa. Abin da ke faruwa shi ne, haidirojin da oksijin na iya zama tare ba su haɗu ba. Amma idan suka sauka a jikin filatinam, nan take sai su haɗe su zama ruwa, zafi kuma ya fito. Shi filatinam ɗin yana nan yadda yake, bai ƙone ba, bai ragu ba. Kamar dillali ne a kasuwa, ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, ya koma ya jira na gaba, sai dai shi wannan ko la'ada ba ya karɓa. Irin wannan abu shi ake kira katalis, wato mai hanzarta haɗuwar sinadarai. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Berzelius, shi ya raɗa wa aikin suna a shekarar 1835.

Dobereiner ya yi amfani da wannan ya ƙera abin kunna wuta. Kwalba ce, a cikinta akwai gutsuren tutiya, ƙarfen da ake shafa wa kwanon rufi, da kuma ruwan asid irin na batirin mota. Su biyun ke samar da haidirojin. Idan aka buɗe bakin, iskar ta fito ta bugi soson filatinam, wuta ta tashi. A lokacin ba a ƙirƙiro ashanar da muka sani ba, mutane da ƙyastu suke fama. An ƙera dubban irin wannan kwalba an sayar a Jamus da Ingila, amma shi bai yi rajistar mallakarta ba, wasu ne suka kwashi kuɗin. A ganina, ga mutumin da ya san talauci, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A shekarar 1829 kuma ya nuna cewa wasu sinadarai suna zuwa uku-uku masu kama da juna. Misali litiyam nauyinsa 7, fotasiyam 39, idan ka tara ka raba biyu za ka samu 23, nauyin sodiyam ke nan. Wannan na cikin abin da ya share hanya ga jadawalin sinadarai da Mendeleev ya tsara a 1869. Dobereiner ya rasu a Jena ranar 24 ga Maris, 1849.

Filatinam bai tsaya a kunna wuta ba. Yau yana cikin salansar motoci da yawa, yana rage gubar hayaƙi, kuma aikin katalis ɗin nan yake yi. Ya shiga asibiti ma. Tun Dobereiner yana raye, wani ɗan Italiya mai suna Peyrone ya haɗa wata hoda ruwan ɗorawa daga filatinam, amma ta yi fiye da shekara ɗari ba a san tana magani ba. Sai a 1965 Barnett Rosenberg, a wata jami'a da ke Michigan ta Amurka, ya lura cewa tana hana ƙwayoyin cuta rabuwa biyu, sai dai su yi ta tsawo. Ya ce to bari a gwada ta a kan ciwon daji, tunda shi ma yawan rabuwar ƙwayoyin jiki ne. A 1978 aka amince da ita a Amurka da sunan sisfilatin, kuma ta ceci mutane da yawa, musamman masu ciwon daji na 'ya'yan maraina.

Sai dai sisfilatin ba dillali ba ne. Yana manne wa DNA na ƙwayar ciwon ne ya maƙale a can, aikinsa ya ƙare ke nan. Yana kuma taɓa ƙwayoyi masu lafiya, shi ya sa yake sa amai, yana iya lahanta ƙoda da ji. Yanzu masana suna bincike a kan magungunan ƙarfe da za su yi aiki irin na katalis a cikin ƙwayar ciwon, ɗan kaɗan ya yi ta maimaita aikinsa ba tare da ya ƙare ba. Idan aka dace, majinyaci zai buƙaci magani kaɗan, wahalarsa ta ragu.