Tarihin Banad Fag, Baturen da Ya Tono Labarin Mutanen Nok

 

Duk wanda ya tashi daga Gonin Gora ya kama hanyar Abuja, ya wuce Kateri da Jere, to, yana tafe ne a gefen ƙasar waɗansu mutane da suka yi zamani fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ba su bar rubutu ba, ko sunan da suke kiran kansu ba a sani ba. Mutumin da ya fara bayyana labarinsu ga duniya shi ne Banad Fag, wanda Turawa ke rubuta sunansa Bernard Fagg.

An haife shi a Landan ran 8 ga Disamba 1915. Ubansa mai sayar da tsofaffin littattafai ne, wansa kuwa, Wiliyam Fag, ya yi suna a babban gidan kayan tarihi na Ingila. Banad ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, inda ya koyi ilmin tonon kufai, wato sanin halin mutanen da ta wajen binciken abin da suka bari cikin ƙasa.

Wannan ilmi a Masar ya yi ƙarfi. A 1799 sojan Faransa suka tsinci wani dutse mai rubutu iri uku a garin Rashid, a 1822 kuma Shamfoliyon, Bafaranshe, ya gano yadda ake karanta rubutun Fir'aunoni. Bayansa Filindas Fitiri, mutumin Ingila, ya nuna cewa tsingaron tukunya yana iya fin zinariya amfani ga mai bincike, don ƙirar tukwane tana sākewa daga zamani zuwa zamani, ita ce ke nuna wane kabari ya riga wane. A 1922 Hawad Kata ya buɗe kabarin Tutankamun. Saboda haka sa'ad da Fag ya tashi, hankalin masana yana kan Masar, ƙasashen baƙar fata kuwa Turawa da yawa suna zaton ba su da wani daɗaɗɗen tarihi.

A 1939 ya zo Nijeriya cikin ma'aikatan mulki. Yaƙin Duniya na Biyu ya kai shi Afirka ta Gabas cikin sojan injiniya, da ya komo aka zaunar da shi Jos, tsakiyar masu haƙar kuza. A 1944 ya tona wani kogon dutse a Rop, ya sami kayan aikin mutanen da na dutse.

Ga yadda al'amarin Nok ya faro. Tun 1928 masu haƙar kuza a ƙauyen Nok, cikin ƙasar Jaba, waɗanda ke kiran kansu Ham, suka haƙo wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. Kanar Dent Yang ya kai shi Jos, aka ajiye, aka manta. A 1943 wani ma'aikacin kuza wajen Jama'a ya sami wani kan, siffar mutum, ya kafa shi a gonar doya ya zama mutum-mutumin korar tsuntsaye. Da kan nan ya iso hannun Fag, sai ya gwada shi da na 1928, ya ga aikin iri ɗaya ne. Daga nan ya riƙa bin ramukan kuza yana roƙon lebura da masu kamfani, duk wanda ya ga irin wannan abu kada ya fasa, ya kawo. Sannu a hankali aka tara da yawa. Alamarsu ita ce ido mai kusurwa uku da huda a tsakiya, da kitso iri iri, da duwatsun wuya masu yawa. Ya laƙaba wa masu wannan aiki sunan Nok, don nan aka fara samu.

A 1947 aka mai da shi ma'aikatar kayan tarihi ƙarƙashin Kenet Mare. A 1952 ya buɗe gidan kayan tarihi na Jos, a 1957 ya gaji Mare ya zama shugaban ma'aikatar. Ya binciki zanen da ke jikin duwatsun Birnin Kudu da duwatsun kiɗa na can. Malamai kuma su sani, a zamaninsa ne gidan Jos ya tara littattafan Larabci masu yawa na rubutun hannu, ayyukan malaman ƙasar nan, aka tsare su daga gara da gobara.

Amma fa akwai matsala. Masar tana da rubutu da jerin sunayen sarakuna, Nok ba ta da ko harafi. Kawunan nan kuma ruwa ne ya kwaso su ya zuba cikin tsakuwar kuza, ba a inda masu su suka bar su aka same su ba. To, ta yaya za a san shekarunsu? Mafita ta zo daga wani masani na Amurka, Wilad Libi, wanda ya gano yadda ake auna shekarun gawayi da itace ta wajen wani sinadari da ke raguwa cikinsu a kan ƙa'ida bayan itacen ya mutu. A 1949 ya jarraba awon nan da katakon kaburburan Fir'aunoni waɗanda aka riga aka san zamaninsu, lissafi ya yi daidai. Wato ilmin Masar ne ya zama ma'aunin da aka auna Nok da shi.

Bayan 1960 Fag ya tona Taruga, kusa da Abuja ta yau. Can ya sami gasassun siffofi a mazauninsu, tare da muraun narkar da tama 13. Da aka auna gawayin, sai ya nuna ana narkar da ƙarfe a wurin ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Wannan ya rushe zaton masu cewa ƙasar nan ba ta san sana'a ba sai da baƙi suka kawo.

A 1963 ya bar Nijeriya, aka ba shi riƙon gidan kayan tarihi na Pit Ribas a Okasfod. Ciwon shanyewar jiki ya same shi, ya ajiye aiki a 1975, duk da haka ya fitar da littafinsa a kan Nok a 1977. Ya mutu ran 14 ga Agusta 1987.

Aikin bai mutu da shi ba. A 2005 masana daga Jami'ar Faranfot ta Jamus suka sake fara tono a ƙasar Kagarko da kewaye. Sun nuna mutanen Nok sun fara zama wajen shekara 1,500 kafin Annabi Isa, wato na farkonsu sun yi zamani da Tutankamun. Manoman gero da wake ne, an kuma sami alamar zuma cikin tukwanensu.

Saura gargaɗi. Daga wajen 1990 masu neman kuɗi suka far wa kufan nan da haƙa, ana fitar da kayan a ɓoye zuwa Turai. A shekara ta 2000 har a babban gidan kayan tarihi na Faris aka nuna waɗansu, aka yi ta jayayya, sannan Faransa ta yarda mallakar Nijeriya ne. Fatake su sani dokar 1979 ta hana saye da sayar da kayan tarihi da fitar da su ba da izni ba. Wanda ya haƙe kufai dare ɗaya ya watsar da gawayi da tsingaro, ya yage takardar da ba ta da kwafi.

Malami yana iya cewa gumaka ne, me ya haɗa Musulmi da su? Ba a ajiye su don bauta ba, an ajiye su don wa'azi. Alƙur'ani ya yi umurni da tafiya cikin ƙasa don duban ƙarshen waɗanda suka gabata. Mutanen nan sun yi noma, sun yi ƙira, sun yi ado, yau ko sunansu babu. Mai hankali wannan ya ishe shi.

Allah Ya sa a dace. Tamat.