John Tyndall, Malamin da ya Tanƙwara Haske

A zamanin nan akwai waɗansu manyan gine-gine da a ke kira cibiyoyin bayanai, inda a ke jera kwamfutoci dubbai suna ta aika wa juna saƙo dare da rana. Da yawa daga igiyoyin da suka haɗa su ba wayar tagulla ba ce, zaren gilashi ne siriri kamar gashin kai, abin da ke gudu a ciki kuwa haske ne. Na ga ya kamata in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin wani malamin makaranta da ya nuna wa jama'a tushen wannan hikima da tankin ruwa da fitila, yau fiye da shekara 170 ke nan.

Sunansa John Tyndall. An haife shi wajen 1820 a wani ƙaramin gari, Leighlinbridge, cikin ƙasar Ayalan. Ubansa ɗan sanda ne, ba mai dukiya ba, saboda haka yaron bai sami zuwa jami'a da ƙuruciya ba. Cikin 1839 ya kama aikin safiyo da zanen taswira, daga baya ya koma awon hanyar jirgin ƙasa a Ingila. Cikin 1847 ya zama malamin lissafi a makarantar Queenwood. A nan ne ya ga ilminsa bai ishe shi ba. Da shekara ta kewayo sai ya ɗauki ɗan abin da ya tara, ya tafi jami'ar Marburg ta ƙasar Jamus, ya zauna gaban shahararren masanin nan Robert Bunsen, har ya sami digirin dakta cikin 1850. Cikin 1853 aka ba shi kujerar farfesa a gidan ilmin nan na Landan mai suna Royal Institution, inda ya yi aiki tare da Michael Faraday, ya kuma gaje shi cikin 1867.

A wannan gida ne, cikin 1854, ya yi gwajin da na ambata. Kowa ya sani haske miƙe ya ke tafiya, ba ya shan kwana. To, sai aka cika tanki da ruwa, aka huda shi a gefe, ruwa ya riƙa tsartuwa yana lanƙwasa zuwa ƙasa. Aka duhunta ɗakin, aka saita haske mai ƙarfi ta bayan tankin daidai da hudar. Maimakon hasken ya wuce sosai ya bugi bango, sai ya bi ruwan nan ya lanƙwashe tare da shi.

Ga dalili. In haske yana cikin ruwa, ya zo iyakar ruwa da iska a karkace ƙwarai, ba ya iya fita. Iyakar nan sai ta zama masa kamar madubi, ta komo da shi ciki. Ya bugi wannan gefe, ya bugi wancan, haka har ƙarshen ruwan. Watau hasken bai bar miƙewarsa ba, tsare shi aka yi.

Sai dai a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Ba Tyndall ne ya fara wannan gwaji ba. Wani masani na birnin Janiba, Daniel Colladon, ya riga shi, ya kuwa buga bayaninsa cikin 1842. Amma da ya ke Tyndall gwanin koyarwa ne, littattafansa kuma sun yaɗu, sai marubuta da yawa suka riƙa jingina masa abin shi kaɗai.

Yana da nasa binciken da ya ishe shi suna. Cikin 1859 ya tabbatar da cewa tururin ruwa da iskar kabon suna riƙe zafi, abin da masu nazarin ɗumamar duniya ke dogara da shi har yanzu. Ya kuma bincika yadda ƙura mai laushi ke warwatsa haske. Gwani ne na hawan duwatsu, yana cikin waɗanda suka fara taka ƙwanƙolin dutsen Weisshorn cikin 1861. Ya rasu ran 4 ga Disamba, 1893, sanadin maganin barci da matarsa ta ba shi fiye da kima bisa kuskure.

Bayan rasuwarsa an daɗe kafin abin ya zama na amfani, domin gilashin da a ke da shi yana shanye haske tun bai yi nisa ba. Cikin 1966 Charles Kao da George Hockham suka bayyana cewa dattin da ke cikin gilashin ne ke jawo haka. Cikin 1970 kamfanin Corning na Amurka ya ƙera zare mai tsabtar da a ke bukata. Zaren yana da tsakiya da riga, rigar nan ita ke yin aikin da iska ta yi a gwajin ruwa.

A cibiyoyin bayanai har akwai wata irin igiya da a ke ƙera ta da kai biyu manne da zaren. Kowane kai yana da 'yar na'ura mai mai da saƙon lantarki walƙiyar haske, da wata mai komo da haske lantarki. Ma'aikaci sai ya soka ta kawai kamar wayar tagulla. In ana gudun gigabit 100 ko 400 a daƙiƙa guda, tagulla ba ta wuce 'yan mitoci, amma wannan ta kan kai mita gommai, ga ta kuma ba nauyi.

Ni dai abin da na ɗauka daga rayuwar mutumin nan biyu ne, na kuwa miƙa su ga duk wanda zai riƙe alli. Na fari, gani ya kori ji. Gwangwani mai huda, da tocila, da ɗaki mai duhu sun isa malami ya nuna wa yaransa abin da Tyndall ya nuna a Landan. Na biyu, in ka nuna, ka faɗa musu wanda ya fara, kada Colladon ya sake rasa rabonsa a ajinka.