Alan Shepard: Mutumin da Jiri Ya Kusa Hana Shi Zuwa Wata

A wannan makon, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta kawo muku tarihin Alan Shepard, mutum na biyar da ya taka duniyar wata.

An haife shi ranar 18 ga Nuwamba, 1923, a garin Derry na jihar New Hampshire a Amurka. Tun yana yaro yakan hau keke ya je filin jirgin sama da ke kusa da su, ya yi ƙananan ayyuka don a ɗan ɗauke shi a jirgi. Ya gama makarantar sojan ruwa a 1944, ya yi aiki a jirgin ruwan yaƙi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya ya zama matuƙin da ke gwada sababbin jiragen sama.

A 1959 hukumar NASA ta zaɓe shi cikin mutum 7 na shirin Mercury, shirin da har a Kano aka kafa masa tashar bibiyar kumbo. Ranar 5 ga Mayu, 1961, ya zama Ba'amurke na farko da ya je sararin samaniya, makonni 3 bayan Yuri Gagarin na Tarayyar Sobiyet. Tafiyar ta minti 15 ce kacal.

Ana cikin haka sai ciwon kunne ya kama shi. Ruwa ne ke taruwa a can cikin kunnen, sai jiri ya kwashe shi, ga amai, ga ƙara a kunne. Likitoci suka hana shi tashi. Maimakon ya yi fushi ya bar aiki, sai ya karɓi shugabancin ofishin 'yan sama jannati. Shekara da shekaru yana kula da horon abokansa, suna tafiya yana ƙasa. A 1968 aka yi masa tiyata a Los Angeles, a 1969 kuma aka ba shi izinin komawa tashi.

Ranar 31 ga Janairu, 1971, ya jagoranci Apollo 14 tare da Edgar Mitchell da Stuart Roosa. Hanyar ma ba ta zo da sauƙi ba: sai a gwaji na 6 sassan kumbon biyu suka haɗu, kuma na'urar auna nisan ƙasa ta yi gardama ana gab da sauka. Duk da haka suka sauka a yankin Fra Mauro. Shepard da Mitchell sun yi fiye da awa 9 a kan wata a waje da kumbo, suka kwaso duwatsu kimanin kilo 42. Yana da shekara 47 a lokacin, ya girmi duk waɗanda suka taka wata. Kafin su taso, har ƙwallon golf 2 ya buga.

Ya yi ritaya a 1974. Daga baya shi da abokansa suka kafa gidauniyar ba ɗaliban kimiyya tallafin karatu. Ya rasu ranar 21 ga Yuli, 1998, sakamakon sankarar jini.

Mun san a cikinmu akwai wanda rashin lafiya ya sa ya maimaita aji, akwai wadda jarrabawa ta kayar. Shepard ya jira kusan shekara 10 tsakanin tafiyarsa ta farko da ta biyu, kuma bai jira hannu naɗe ba. Mahaƙurci mawadaci. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.